Sukurun Makarar Gafasa

Idan ka shiga unguwarmu a Gafasa ka tambayi wanda ya sa aka ƙera makarar da ke jingine a bayan masallaci, kowa zai ce maka Maikuɗi ne. Shi ma haka zai ce, tun ma kafin ka tambaya, ya kuma ƙara da cewa shekara uku ke nan ana kai mutane makwanci a kanta, ko ƙara ba ta taɓa yi ba. Ni Ɗayyabu, mai shagon ƙusa da sukuru da kwaɗo a Gaya, na san abin da ke riƙe da makarar nan, na kuma san abin da ta ci mini. Shi ya sa in ana yabon Maikuɗi a gabana nakan kau da kai in tofar da yawu.

Ɗan kawuna ne, yayan mahaifiyata ne ya haife shi, saboda haka taubashina ne, kuma ya girme ni da shekara goma sha biyu. Sunansa na yanka Abdulsalam. Kakarmu ce ta laƙaba masa Maikuɗi don fata, kuɗin dai har yau ba su amsa kira ba. Ni Ofisa nake ce masa. Bai taɓa gane cewa tsiya nake yi masa ba, har wani gyara zaman hula yake yi in na faɗa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a wani ofis a Ajingi. Da masinja ya fara, da riƙon makullin sito ya gama. Duk aikin nasa bai wuce a rubuta masa takarda, ya shiga bas zuwa Kano, ya miƙa ta a kanti, a ɗaure masa kaya, ya dawo ana yi masa sannu da hanya ba. Daga wannan zirga-zirga ya yanke wa kansa hukuncin cewa duk gabashin Kano babu wanda ya kai shi sanin kaya. Mutumin da bai taɓa riƙe guduma ba, bai san ta ina ake kama zarto ba, amma ba shi abu a hannu ka sha kallo. Zai ɗaga shi saitin rana, ya kanne ido ɗaya, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunne. In ya yi ƙyalli, to mai kyau ne. Da wannan ilimi ya taɓa sayo sa a kasuwar Ajingi saboda kyan ƙaho, aka ɗaura masa garma ya kwanta a tsakiyar gona ya ƙi tashi. Da shi ya sayo wa matarsa tukunya mai sheƙi wadda ta huje a girki na uku. A faɗarsa bai taɓa yin kuskure ba, kullum masu amfani da kayan ne ba su iya ba.

Akwai kuma wani halinsa da duk unguwa ta sani. Ba a taɓa jana'izar da Maikuɗi bai je ba, ba a kuma taɓa ganin makara a kafaɗarsa ba. Shi nasa tafiya ce a gefe, babbar riga a saɓe, biro uku a aljihu, yana ba da umarni: “A hankali! A canza kafaɗa! Na baya ku ɗaga!” A ganinsa da ba ya nan, mutanen Gafasa ba za su gane hanyar maƙabartarsu ba.

Da ya yi ritaya sai ya zama shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa, don babu wanda ya nemi kujerar. Ana nan ya je jana'izar wani tsohon maigidansa a Kano, ya ga makarar katako mai fenti, ya dawo ya ɗaga wa kowa hankali. Wai tamu abin kunya ce. Tamu kuwa ta gwangwala ce da igiya, ta tsufa, ta yi baƙi, amma ita ta kai kakanninmu, kuma duk shekara Hamma yana sake mata ɗauri. Hamma tsohon kafinta ne, Bafillatanin da iyayensa suka ajiye kiwo suka kama noma, mutum ne marar yawan magana. Da aka samu mai ba da jan katako sadaka, Hamma ya ce zai ƙera, kuma kamar yadda aka saba a wurinmu, ba a karɓar ladan aikin makara. Abu ɗaya ya nema. Ya naɗe wani tsohon sukuru a takarda ya ba Maikuɗi, ya ce ya kawo mini Gaya in ba da irinsa guda arba'in.

Ranar da ya zo akwai mutum uku a bakin shagona. Bai jira layi ba. Ya warware takardar ya jefa mini sukurun a kan tebur.

“Dubi abin da tsohon nan ya ba ni. Kamar a juji aka tono shi.”

Na ɗauka na juya shi. Inci uku ne, kakkaura, ruwan toka, irin wanda ruwa ba ya saurin ci. Na ce, “Ofisa, Hamma ya san abin da yake yi. Akwai irinsa, bari in ƙirgo maka.”

“Tsaya tukuna. Waɗancan fa?”

Ya nuna wata roba a kan kanta. Sirara ne, inci biyu, masu ruwan gwal, waɗanda masu kabad da durowa ke saye.

Na yi masa bayani da haƙurin da ban san ina da shi ba. Na ce katakon gicciye, wanda gawa ke kwanciya a kai, kaurinsa inci ɗaya da rabi ne. Sai sukuru ya ratsa shi sannan ya nutse cikin doguwar sandar da ake saɓawa a kafaɗa. Abin da ya nutse a ƙasa shi ke riƙo, ba kan da ake gani a sama ba. In ka sa mai inci biyu, abin da zai kama sandar bai wuce faɗin farce ba. Ga shi makara ana wanke ta, tana kwana a waje, ruwan gwal ɗin nan kuwa shafe ne kawai, damina ɗaya zai zama tsatsa.

Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga saitin rana, ya kanne ido, ya ƙwanƙwasa, ya kai kunne. Sai ya juya ga mutanen da ke tsaye.

“Kun ji ɗan tireda zai koya mini kaya. Yo kai tun da ka kasa makaranta aka zaunar da kai gaban ƙusa, me ka gani a duniya? Ni shekara talatin ina sayo kaya a Kano. Makara abin girmamawa ce, baƙi za su zo su gani. Sai a ga wannan mummunan abu a jikinta? So kake ka sauke mana kwantai.”

Ɗaya daga cikin mutanen ya yi dariya. Raina ya ɓaci sosai. Na ja robar na ƙirga masa arba'in masu ruwan gwal, na ƙulle a leda. Ya sa hannu a aljihu, na ce ya bar shi, ai na makara ne, gudummawata ke nan. A raina na ce je ka, Hamma zai watso maka su a fuska, gobe ka dawo nan kana sosa ƙeya a gaban mutane.

Hamma kam ya ƙi su. An ce ko leda bai kwance ba, ta waje ya shafa ya ce, “Waɗannan ba za su ɗauki mutum ba.” Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne girman kan Maikuɗi ya fi ƙarfin ya dawo Gaya. Sai ya sa aka loda katakon a amalanke aka kai wa Kamilu a Ajingi. Kamilu kafintan gadajen amare ne, wanda aikinsa ba ya buƙatar ya wuce ranar jere. Shi sukuru a wurinsa ƙusa ce mai ado: da guduma yake buga shi har ya kusa nutsewa, sannan ya ɗan murɗa da sukundireba sau ɗaya don kada a ce bai murɗa ba. Duk wanda ya san katako ya san in aka yi haka haƙoran sukurun yaga naman katakon suke yi, ba abin da suke kamawa. Kwana biyu ya gama. Aka shafa koren fenti, aka bar kawunan gwal a jere suna walƙiya, aka rubuta sunan ƙungiya a gefe, da na shugabanta.

Ranar da aka kawo ta bakin masallaci bayan la'asar, Hamma ya ce a ɗora buhun gero biyu a zaga da ita a gani. Maikuɗi ya ce wannan wulaƙanta makara ne. Hamma ya dube shi sama da ƙasa, don Maikuɗi ba ƙaramin mutum ba ne, ya ce, “To kai ka hau mana, tun da ka yarda da ita.”

“A'uzubillahi! Fata kake yi mini?”

Aka yi dariya aka watse, ba a gwada ba. Washegari ya sa aka sassare tsohuwar aka zuba a kududdufi, don kada wani ya yi marmarin komawa gare ta.

Duk wannan labari ya iske ni a Gaya, kuma na ji daɗinsa. Na riƙa ba abokan ciniki, ina kwaikwayon yadda yake kanne ido. Sau uku a daminar nan na je Gafasa gaida mahaifiyata, Inna Hanne. Sau uku na wuce ta bayan masallaci. A na biyu har na tsaya na kama katako ɗaya na girgiza, na ji yana motsi a hannuna, na ga tsatsa ta fara zubo wa fentin hawaye. Sukuru arba'in da aikin awa biyu ne gyaranta, kuma ina da su a shago. Na saki na yi tafiyata ina murmushi. Jira nake ta kunyata Maikuɗi a gaban jama'a. Ban tsaya na tambayi kaina da gawar wa za ta kunyata shi ba.

Wata biyu da rabi babu babban da ya rasu a unguwar. Jarirai biyu da aka rasa a hannu aka kai su, a naɗe cikin tabarma.

Wata Talata da safe, ina cikin buɗe shago, ƙanwata Zuhra ta kira ni. Inna ta yi sallar asuba, ta ce kanta yana juyawa, ta kwanta, shi ke nan. Ba ciwo, ba jinya. Jiya-jiyan nan ta soya ƙuli-ƙuli.

Na yi salati. Kafin hawaye ya zo mini, abin da ya faɗo mini a rai shi ne kwarin da ke kan hanyar maƙabarta. Hanyar tana ratsa gonaki, sannan ta gangara wani kwari da ruwa ya zaizaye, inda dole na gaba su yi ƙasa na baya su yi sama, nauyi duka ya koma kan katako biyu. Na ga Inna a cikin likkafani tana sulalewa cikin taɓo a gaban mutanen gari. Na kwashi sukuru arba'in masu inci uku, da sukundireba, da abin huda katako na hannu, da guntun sabulu, na hau babur.

Da na isa ban shiga gida ba. Mutane suna zaune a ƙofa a kan tabarmi, suna miƙo hannu za su yi mini ta'aziyya, na wuce su na nufi bayan masallaci. Na ji wani yana cewa, “Mutuwar ta taɓa shi.” Hamma ne kaɗai ya gane. Ya tashi ya biyo ni, muka kwantar da makarar a ƙasa.

Sukurun farko da na taɓa, da yatsa biyu na zare shi. Na biyu ma haka. Wasu kansu ya guntule ya bar gindin a ciki, sai na yi sabuwar huda a gefe. Jan katako tauri ne da shi, ba a yi masa gaggawa. Sai ka huda siririyar hanya, ka goga wa sukurun sabulu, ka murɗa da ƙarfin kafaɗa har ya zauna. Hamma yana danne mini katakon da gwiwa. Gabas kuma hadari ya fara haɗowa, liman ya ce ƙarfe goma za a yi salla, don an gama kabari kuma ba a so ruwa ya cika shi.

Ina kan na goma sha biyar sai ga inuwar babbar riga a kaina.

“Kai Ɗayyabu, mene ne haka? Kana ɓata mana fenti!”

Ban ɗago ba. Na tattara matattun sukurunsa da ke zube a ƙasa na zuba masa a tafin hannu. Ya dube su, jajaye da tsatsa, wasu a karye. Na ɗauka ko sau ɗaya a rayuwarsa zai yi shiru.

“Ka gani ko? Na faɗa wa Kamilu ya bi a hankali. Ai kayan masu kyau ne, sa su ne bai iya ba.”

Wayata ta yi ƙara. Zuhra ce. “Yaya, an gama wanka. Ka zo ka gan ta ka yi mata addu'a kafin a rufe.”

Na ce ga ni nan. Saura goma sha takwas.

Ta sake kira. “Yaya, kowa ya shiga, kai kaɗai ake jira.”

Saura tara, kuma tara ɗin nan su ne na wajen kai da kafaɗa, inda nauyi yake. Tafin hannuna ya riga ya yi bororo ya fashe. Hamma ya karɓi sukundireban ya gwada, ƙarfinsa bai kai ba. Na dubi Maikuɗi, ƙato, lafiyayye, hannunsa biyu a bayansa. Na ce, “Ofisa, don Allah karɓi ka murɗa waɗannan, in shiga in fito.”

Ya ja da baya. “Haba, da wannan rigar? Kuma ni bayana ba ya son sunkuyo. Ka ga, yi aikinka kawai. Bari in shiga a madadinka, ai gwaggota ce.”

Ya kaɗa riga ya tafi.

A kira na uku ban ɗauka ba, don hannu biyu nake murɗawa. Da na zaunar da na arba'in, ni da Hamma muka ɗaga makarar muka jijjiga, ta yi shiru kamar dutse. Na ruga gida. A zaure na ci karo da masu fitowa. An riga an rufe, an ɗaure. Na ce a ɗan buɗe mini. Liman ya dafa kafaɗata ya ce, “Yi haƙuri Ɗayyabu, an kira ka har sau uku. Ga hadari nan. Addu'arka za ta same ta ko'ina kake.” Me zan ce, ina can ina gyara abin da ni na ɓata?

Ni na kama gaba ta dama. Da muka zo kwarin, muka gangara, na ji nauyinta duka ya dawo kaina, na saurara da duk jikina. Ko motsi katako bai yi ba. A gefe kuwa ga murya tana tashi: “A hankali! Na baya ku ɗaga! Kun ga aiki ko? Ko ƙara babu!”

Mun rufe ta, muna juyowa ruwa ya sauko.

A zaman makoki Maikuɗi ya zauna a tsakiyar tabarma yana karɓar gaisuwa fiye da ni. Duk baƙon da ya zo daga Ajingi ko Kademi sai ya ji tarihin makara, yadda aka raina shawararsa da farko, da yadda yau ta fitar da unguwa kunya. Hamma ya tashi ya bar wurin. Ni ban ce komai ba, don in na buɗe baki sai na faɗi wanda ya ƙirga sukurun ya ƙulle a leda. Da mutane suka ragu sai ya matso kusa da ni ya rage murya.

“Ka ga fuskar Gwaggo kuwa? Au, ashe ba ka samu shiga ba. Kai, wallahi ka yi rashi. Kamar barci take yi, har da ɗan murmushi.”

Zuhra ba ta iya maganar ranar nan. Da na fara tambaya sai kuka, sai in ƙyale ta. Matan da suka yi wankan ba sa ba da labarin gawa, haka aka koya musu. Saura mutum ɗaya ke nan a duniya da ya gani kuma bakinsa ba ya gajiya.

Har yanzu yana zuwa shagona duk sanda ya shigo Gaya. Yana nan yadda yake, biro uku, ido a kanne, yana ɗaga kwaɗona saitin rana yana gaya wa abokan cinikina wanda za su saya. Babu mutumin da na raina kamarsa. Amma in ya gama surutunsa ya kama hanyar tafiya, sai in ji bakina ya ce, “Ofisa, zauna mana ka sha ruwa.” In ja masa kujera, in jira shago ya yi shiru, sannan in tambaye shi ta wane gefe Inna ta karkata kai, kuma murmushin nan yaya yake.

Sai ya gyara zama ya ba ni labari tiryan-tiryan, ni kuma in saurara kamar ban san shi ba. Bara ya ce mini dama ta karkata. Bana ya ce hagu.